Tukunya, Tsuntsu da Dutse a Ɗaki Ɗaya: Me Gidan Tarihin Jami'a Yake Ajiyewa?

Sai da muka yi kusan awa guda a tsaye muna jiran mai makulli. A wata jami'a ce a nan Arewa, na raka wani abokina malamin sakandare da ɗalibansa talatin da 'yan kai, waɗanda aka yi wa alkawarin za a kai su gidan tarihi. Da dattijon ya iso ya buɗe, sai ga ɗaki da bai fi aji biyu girma ba, warin maganin asu da tsohuwar ƙura ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa. A dama akwai akwatunan gilashi da tsuntsayen da aka cusa wa auduga, ga macizai a kwalabe cikin ruwan magani da ya koma kalar shayi. A hagu tukwane ne da fasassun kasake, da zugazugin maƙera, da tsohuwar kwarkwaro ta saƙa. Can ƙurya kuma duwatsu ne jere a kan katako, kowanne da lamba. Wata yarinya ta dubi malaminsu ta ce, "Malam, wannan ai ɗakin shirgi ne."

Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da irin wannan ma'auni zai shigo: yana jiran manyan zaure da abin da zai riƙe baki. Ƙaramin gidan tarihi na jami'a kuwa da wata manufa aka kafa shi, kuma idan ba a san manufar ba, shirgi kawai za a gani.

Asalin abin ya nuna haka. Gidan da aka fi ambata a matsayin na farko a irinsa shi ne Ashmolean na Jami'ar Oxford a Ingila, wanda aka buɗe a 1683. Kayan da aka fara zubawa a ciki na wani mai aikin lambu ne da ɗansa, iyalin Tradescant, waɗanda suka tara duk abin da matafiya suka kawo musu: iri na tsirrai, makamai, tufafi, kuɗaɗen ƙasashe, har da gawar wani tsuntsu na tsibirin Moris da ake kira dodo, wanda ya ƙare a duniya tun a wancan ƙarnin. Abin lura shi ne yadda aka tsara ginin. Hawa na sama kayan ne, na tsakiya ɗakin karatu, na ƙasa kuma ɗakin gwaje-gwajen sinadarai. Wato ɗalibi ya ga abu a sama, a yi masa bayaninsa a tsakiya, ya sauka ƙasa ya gwada da hannunsa. Masu zuwa kallo ƙari ne. Kayan aikin koyarwa ne tun fil azal, kamar allo da tawada a tsangaya, kuma ba wanda ke shiga tsangaya ya yi ƙorafin cewa allunan ba su da ado.

To me ya haɗa tsuntsu da tukunya? Wannan tambayar ce ta fi damun mutane, kuma a ganina amsarta tana hannunmu fiye da kowa. Ɗauki rawani ɗan Kura, wanda Buzaye suka daɗe suna saye da tsada. Kafin ya zama rawani, auduga ce a gona. Shuɗinsa daga ganyen baba ne, tsiro mai ƙasar da yake so da lokacin da ake yankansa. Sai an haɗa baban da toka a rijiyar marina an bar shi ya ruɓa kwanaki kafin ya kama zane, kuma wannan ilimin sinadarai ne tsantsa, ko da marinin bai taɓa kiransa haka ba. Katsin da ya kwanta a ƙasan rijiyar shi ake ƙonawa a daɓe wata rijiyar da shi. Daga nan sai mabuga su buge zanen har ya yi ƙyalli, fatake su ɗora wa raƙuma. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A jami'a ta yau, ganyen baba yana sashen nazarin tsirrai, toka da katsi suna sashen sinadarai, rawanin yana hannun masu nazarin al'adu, fataken kuma suna sashen tarihi, kowa da ofishinsa da makullinsa. Wuri ɗaya tilo da za a iya ajiye su gefe da gefe, ɗalibi ya gane cewa labari ɗaya ne aka yanyanka, shi ne irin wannan ɗaki da yarinyar ta kira na shirgi. Haka ƙira take: dutsen tama, gawayin itacen ƙirya, zugazugi, sannan garma da takobi.

Amma abin da ya fi komai daraja a ɗakin ba ya cikin waɗanda ido ke fara kaiwa gare su. 'Yar takardar nan ce da ke manne ko rataye a jikin kowane abu, da babban littafin rajista da lambarta ke komawa gare shi: a ina aka samo, yaushe, wa ya samo, a zurfin nawa, me ke kusa da shi. Mu da muka tashi cikin karatun hadisi ba ma bukatar dogon bayani a nan. Magana komai daɗinta, idan ba ta da isnadi, malami ba zai gina hukunci a kanta ba. Kayan tarihi ma haka suke. Tukunyar da ba a san inda aka haƙo ta ba ta zama ado kawai, fasasshen kasko kuwa da aka rubuta raminsa da zurfinsa yana iya gyara tarihin gari guda.

Labarin Nok ya isa misali. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, daga baya wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya gane a shekarun 1940 cewa sawun wata tsohuwar al'umma ne. Da sunansu ya fita duniya kuɗi ya shigo ciki, sai masu tonon sata suka afka wa yankin, musamman a shekarun 1990, suka kwashe abin da Allah kaɗai Ya san adadinsa zuwa kasuwannin Turai. Waɗannan kawunan suna nan a gidajen attajirai, kyawawa, amma bebaye ne, domin an raba su da ƙasar da za ta faɗi shekarunsu. Abin da aka sani a yau game da mutanen Nok, cewa tarihinsu ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma gero suke nomawa, ya fito ne daga aikin haƙuri da masu bincike na Jami'ar Frankfurt da abokan aikinsu 'yan Najeriya suka fara a 2005, suna tace ƙasa suna tsince ƙwayoyin hatsi da suka ƙone da gutsattsarin gawayi. Ba wanda zai saya irin waɗannan a kasuwa ko da kwabo, amma su ne suka yi magana.

Kwalekwalen Dufuna ya tsira daga wannan ƙaddara. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a yankin Fune, a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Maimakon a fasa a yi makamashi, labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a tsanake a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, kuma gwajin kabon, wanda ake gane shekarun abu da shi, ya nuna ya wuce shekara 8,000, wato babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Kafin a fahimci abin da jirgi yake yi a wurin da yau rairayi ya fi ruwa yawa, sai da masanin itatuwa da masanin ƙasa da masanin tsohon yanayi suka sa baki, aka haɗa shi da zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Masanin tarihi shi kaɗai da bai iya ba.

Ɓangaren halittu shi ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi taɓa tukunyar miya. A Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922 kafin wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tarin ƙwari da aka soke da allura aka jera a akwatuna, kowanne da sunansa da inda aka kama shi. Manomin tumatir a Kadawa ko Ɗanja da tsutsar da suke kira sharon ta cinye wa gona a 2016 ba lallai ya san da zaman irin wannan tari ba, amma tambayar farko da ake yi idan sabuwar annoba ta ɓulla ita ce: wannan ƙwaron ɗan gida ne ko baƙo? Ba a amsa ta sai da abin kwatantawa. Sharon baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta taso, kuma sanin haka yana canza irin maganin da za a nema. Haka nan duk ɗalibin da zai yi bincike a kan maganin gargajiya, ko sabara ko marke ko zogale, sai ya kai reshen ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a an tabbatar masa da sunan tsiron an ba shi lamba, saboda suna ɗaya na Hausa yana iya hawa kan tsiro biyu, kuma abin da ake kira da wani suna a Katsina yana iya zama wani abu dabam a Damagaram. Kuskure a nan kuskure ne a cikin abin da mutum zai sha.

Akwai kuma amfanin da mai tarawa bai taɓa hangowa ba. A Birtaniya mutane sun daɗe suna tara ƙwan tsuntsaye don sha'awa, suna rubuta ranar da wurin. A 1967 wani masani, Derek Ratcliffe, ya bi waɗannan tsofaffin ƙwai yana aunawa, ya gano cewa ɓawon ƙwan wani nau'in shaho ya fara sirancewa ne daga wajen 1947, daidai lokacin da maganin ƙwari na DDT ya bazu a gonaki. Da waɗancan mutane ba su rubuta kwanan wata ba, da hujjar ba ta samu ba. Idan na tuna wannan sai in tuna yawan ungulu a mahautan garuruwanmu lokacin muna yara, da yadda yau yaro zai girma bai ga ko ɗaya ba. Tsuntsun nan mai ƙura a akwatin gilashi, idan takardarsa tana nan, shaida ce cewa a shekara kaza irinsa yana rayuwa a wuri kaza.

Duwatsun ƙurya ma suna da nasu. Ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, wani reshe na ruwan gishiri da ya ratsa inda Sahara take a yau. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ragowar halittun wannan teku ce. A duwatsun yankin aka samu ƙasusuwan wata babbar dabbar ruwa mai jan ciki da ta rayu kusan shekara miliyan 70 da suka wuce, kuma masana daga Jami'ar Fulorans ta Italiya da suka yi aiki a wurin suka raɗa mata suna a 1972: Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Sunan garinmu yana cikin littattafan kimiyya na duniya, ƙoƙon kan dabbar yana Italiya, yaron Goronyo kuwa zai gama sakandare bai taɓa jin labarin ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Ko kwafin filasta aka ajiye a wani ɗaki a jami'a mafi kusa, tare da taswira da bayani da Hausa, da darasin kimiyya ya daina zama labarin ƙasashen wasu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi mu a nan, domin ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamadar Gadufawa ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.

Ba wai jami'o'inmu ba su yi komai ba. Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan da Sardauna Ahmadu Bello ya zauna kuma aka kashe shi a ciki ranar 15 ga Janairu 1966, ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yana kuma hannun Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗakin nune-nune da takardun gwamnati da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Gidan Mambayya a Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya rayu kuma aka binne shi a 1983, yana hannun Jami'ar Bayero. Duka biyun sun cancanci a je, a kuma kai yara. Sai dai ka lura, duka biyun gidajen manyan mutane ne, kuma martabar masu gidan ce ta sa aka kula da su. Mun iya girmama mutum, shi ya sa hular shugaba take samun akwatin gilashi da mai gadi. Ƙwaro da ganye da dutse ba su da magada da za su yi musu magana, sai suka watsu a sassa, kowane tari a bayan ƙofar da mutum ɗaya ke riƙe da makullinta. A Ile-Ife, Jami'ar Obafemi Awolowo ta ɗauki wata hanya: tun 1971 ta kafa gidan tarihin halittu, wanda ya zama cibiya mai zaman kanta, da ma'aikatanta, ta haɗa tsirrai da ƙwari da dabbobi da duwatsu da kayan tonon ƙasa, daga baya gidauniyar Leventis ta gina mata mazauni. Bambancin bai tsaya ga gini ba. Abin da yake cibiya yana da layi a kasafin kuɗi, abin da yake ɗaki a cikin sashe kuwa sai abin da ya rage bayan an sayi alli.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Malamin jami'a da maƙalu ake ƙara masa girma. Wanda ya shekara yana gyara rajista, yana canza ruwan kwalabe, yana yaƙi da gara, ba shi da abin da zai nuna wa kwamitin ƙarin girma. Saboda haka aikin yakan faɗa kan ƙaramin ma'aikaci, irin dattijonmu mai makulli, wanda ya san komai a ka amma ba a taɓa tambayarsa ya rubuta ba.

Sai kuma ƙyamar da wasu iyaye suke yi, cewa gidan tarihi gidan gumaka ne. Ban ɗauki wannan damuwa da wasa ba, domin daga kishin addini ta fito. Amma ajiye abu don a san yadda mutanen da suka rayu dabam yake da girmama shi, kuma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 20 ta Suratul Ankabut, ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta. Laifin masu gidajen shi ne ba sa yin wannan bayani da harshen da mutane ke ji. Takardun duk da Turanci suke, sunayen tsirrai da Latin, alhali mahaifiyar ɗalibin da ta zo bikin yaye shi ta san amfanin rabin ganyayen nan fiye da wanda ya manna su. Da za a rubuta sunan Hausa da Fulatanci da Barbarci a ƙarƙashin kowanne, a bar fili mai ziyara ya ƙara abin da ya sani, da masu zuwa kallo sun zama masu kawo ilimi.

Isnadi yana da wata fuskar, ta haƙƙi. Takardar da ta faɗi inda aka samo abu ita ce kuma take tona yadda aka samo shi. Da ita aka kafa hujja har Jami'ar Aberdeen da wata kwalejin Jami'ar Kambirij suka mayar wa Najeriya tagullar Benin a watan Oktoba na 2021, kayan da sojojin Birtaniya suka kwasa a 1897. Mu ma wannan ma'aunin yana kanmu: littafin da aka karɓo daga gidan malamai, ko tambarin da aka ɗauko daga wata fada, ya kamata rajista ta nuna kyauta ce, saye ne, ko aro.

Abin da ke tsorata ni shi ne saurin da irin wannan dukiya take salwanta. A daren 2 ga Satumba 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil, wanda yake hannun jami'ar tarayya ta birnin Riyo, bayan shekaru ana kukan rashin kuɗin gyara. Abubuwa wajen miliyan 20 ne a ciki, mafi yawansu suka tafi, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan da babu sauran mai jin su. A Sudan, gidan tarihin halittu na Jami'ar Khartum, wanda asalinsa ya koma 1929, ya faɗa tsakiyar fagen daga lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Ma'aikata suka kasa isa wurin, dabbobi masu rai da ake kiwo a ciki suka mutu da yunwa da ƙishirwa, tarin da aka yi kusan ƙarni ana haɗawa ya lalace. Mu a nan ba sai an yi yaƙi ba, rufin da ke yoyo da damina biyu sun isa. Ga shi kuwa matakin farko ba ya cin kuɗi: ɗalibai biyar da wayoyinsu za su iya ɗaukar hoton kowane shafi na rajista da kowane abu tare da takardarsa cikin zangon karatu ɗaya, a ajiye kwafi a wurare uku. Hoton ba zai maye gurbin tukunya ba, amma idan ta fashe za a san abin da aka rasa.

A ranar ziyarar tamu, da yaran suka fara gajiya, na roƙi dattijon ya nuna mana rajistar. Ya jawo wani dogon littafi mai baƙin bango daga durowa, rubutun hannu kala-kala, wasu shafukan tun kafin a haifi iyayen yaran. Nan suka taru a kansa, kowa ya zaɓi lamba ya tafi neman abin da take nufi, ɗakin ya kaure da hayaniya. Yarinyar nan ta tsaya gaban wata babbar tukunya mai zane a wuya, ta duba ko'ina ba ta ga lamba ba.

"Baba, wannan fa?"

"Gara ta cinye takardar, 'yata," in ji shi. "Amma ina nan aka kawo ta. Daga wani kufai ne a bakin kogi, masu yin bulo suka tono ta, akwai duwatsun wuya a ciki."

"An rubuta a littafin?"

Ya girgiza kai, ya ce shafin yana cikin waɗanda ruwa ya taɓa, kuma shi baɗi zai yi ritaya. Ta yago takarda daga littafinta, ta ce ya maimaita a hankali, da sunan ƙauyen da shekarar. Ta rubuta, ta sa kwanan wata da sunansa a ƙasa a matsayin wanda ya faɗa, ta miƙa masa. Ya karanta, ya gyara mata harafi ɗaya a sunan ƙauyen, ya ninke takardar ya sa a cikin tukunyar.